Ranka Ya Daɗe, Busasshen Famfo

A taya mutanen Amurka da na Turai jaje. Wata masifa ta sauka a kicin ɗinsu, ta kuma yi shekaru ba ta ɗaga ba: injin da ke yi musu wanke-wanke ya koyi nawa. A farkon shekarun 1980 uwargida za ta jera kwanukanta a cikinsa, ta danna maɓalli, awa ɗaya da 'yan mintoci ya gama. Yanzu sai ya haura awa biyu. A Turai ma, idan aka ɗora shi kan tsarin tattalin ruwa da wuta, sai ya cinye awa uku, wani har huɗu. Duk tsawon wannan lokaci baiwar Allah tana kishingiɗe a falo, ko tana barci, ko ta fita unguwa, hannunta a bushe, tana jiran ƙarfe ya gama mata aiki. Wa zai iya da wannan jarrabawa?

Ba su kuwa ɗauki abin da wasa ba. A 2018 wata ƙungiya mai suna Competitive Enterprise Institute ta kai kuka Ma'aikatar Makamashi ta Amurka a kan jinkirin. Shugaba Donald Trump ya sha ɗago maganar a wuraren gangami. A watan Oktoban 2020 ma'aikatar ta ware wani sabon rukuni na injinan da za su gama aiki cikin awa ɗaya. Gwamnatin Joe Biden ta soke shi a Janairun 2022, wasu jihohi suka garzaya kotu, a Janairun 2024 kotun ɗaukaka ƙara da ke New Orleans ta ce hujjojin sokewar ba su gamsar ba. Shugabanni biyu, lauyoyi, alƙalai, duk a kan mintocin da faranti zai yi kafin ya fita.

Dalilin jinkirin ba ɓoyayye ba ne. Doka ce ta ƙayyade wa injin ruwan da zai sha da wutar da zai ci. Tun 2013 ba a yarda sabon inji na gida a Amurka ya wuce galan 5 a wanki ɗaya ba, wato kusan lita 19, kuma da yawa daga na Turai lita 10 ke isar su. Tun da ruwan kaɗan ne kuma ba a tafasa shi sosai, sai injin ya yi ta tsotso shi yana fesawa, yana tacewa yana sake fesawa, har dattin ya haƙura. Sannan an cire sinadarin fosfet daga sabulun injin, a Amurka a 2010, a Tarayyar Turai a 2017, saboda yana lalata tafkuna da koguna. Sinadarin da ke cikin sabulun yanzu, wanda ake kira enzayim, a hankali yake narkar da ƙanzo da ragowar nama da ƙwai, ba a sa shi gaggawa. Sun ba da lokacin ƙarfe, sun karɓi rarar ruwa. Lita 10, jama'a. Rabin jarka ma bai kai ba.

Mu kuwa mazauna Titin Owerri da Gariki a Inugu, da kewayen Titin Bida a Anacha, da Mil Ɗaya da Mil Uku na Diobu a Fatakwal, Allah ya tsare mu daga wannan ƙunci. Ba mu taɓa kallon agogo muna jiran inji ba. Kuma tun da rashin godiya ba halin Bahaushe ba ne, ya kamata a ambaci wanda ya tsaya tsayin daka ya kare mu. Yana nan a tsakar gida, ko a bakin layi, ya yi tsatsa, wani wurin an ɗaura masa igiyar shanya. Ranka ya daɗe, busasshen famfo. Mai azumin da ba ya jiran magariba. Mai sirrin da bai taɓa zubar da ko ɗigo ba. Gwamnoni sun zo sun wuce, na soja da na farar hula, kowanne ya rantse sai ya buɗe bakinka, kai kuwa ka riƙe mutuncinka.

Ba yabon banza nake yi maka ba, tarihi ne shaida. Matar da ta fara ƙera injin wanke-wanke mai amfani, Josephine Cochrane ta jihar Illinois, ta samu takardar mallakar fasaharta a 1886, ta kuma baje kolinsa a babban bikin nune-nune na Chicago a 1893. Otal-otal da gidajen abinci ne suka fara saya. Gidaje kaɗan ne suka saya, domin yawancinsu ba su da isasshen ruwan zafi a bututu. Sai bayan shekarun 1950, da bututu da wuta suka wadata, injin ya shiga kicin ɗin talakawansu. Ashe bututu ne ke gaba, inji na biye. Duk gidan da ka tsare ƙofarsa, ranka ya daɗe, injin nan ba shi da ta inda zai shiga, ko da kyauta aka ba da shi. Kai ne mai gadinmu.

Dubi yadda ka tsara mana wanke-wanke a Inugu, tsarin da babu injiniyan Jamus da zai iya kwaikwayo. Su nasu yana farawa ne idan an rufe murfin inji. Namu yana farawa tun daga Ninth Mile, can saman tudu a ƙasar Ngwo. Garin Inugu a kan kwal da tsandaurin laka yake zaune, ƙasar da ba ta riƙe ruwa. A haƙa rijiya ta ƙafe da rani, a haƙa burtsatse a yi asarar kuɗi. Kwal ɗin ne ya kafa garin: an gano shi a 1909, kafin 1916 ta ƙare an shimfiɗa masa layin dogo har Fatakwal. A lura da wannan hikima. Cikin shekara bakwai aka samo wa baƙin dutse hanyar zuwa teku, ruwan sha kuwa an haura shekara ɗari ana nazarin hanyar da zai bi ya gangaro daga tudu. Ruwan yana nan a ƙarƙashin yashin Ninth Mile, mai yawa, mai kyau, shi ya sa manyan masana'antun giya da na lemo suka kafa sansani a can. Ya san hanyar shiga kwalba. Hanyar shiga tsakar gidan mai haya ce ta ɓace masa.

Saboda haka sai motar tanka ta cika ciki, ta gangaro ta Ugwu Onyeama, gangaren da direbobi ke shiga da addu'a. Ta juye wa mai tankin roba a unguwa. Ɗan ga-ruwa ya ja layi da kurarsa ya cika jarkoki. Ya turo ya kawo ƙofar mai abinci. A kowace gaɓa an ɗora riba, kuma wannan ai bunƙasa tattalin arziki ne: ruwa ɗaya, ciniki huɗu. Wanda ya fi kowa talauci a layin, shi ke biyan kuɗi mafi tsada a kan kowace lita, ya fi mai gidan bene da ya sayi tanka guda. Da ka yi sakaci ka kawo ruwa, ranka ya daɗe, da duk wannan kasuwa ta mutu.

An so a ɓata maka suna a 2023. Gwamna Peter Mbah ya hau mulki ranar 29 ga Mayu da alƙawarin ruwa zai gudana a gidajen Inugu cikin kwana 180, a watan Nuwamba kuma ya ƙaddamar da aikin Ninth Mile, gwamnati ta ce da shi da aikin ruwa na Oji an kai lita miliyan 120 a kullum. Hankalin masoyanka ya tashi. Amma ka yi tanadi tun tuni. Tsofaffin bututun da ke ƙarƙashin garin, waɗanda aka bari shekara da shekaru ba gyara, sun ruɓe sun farfashe, wasu an yi gini a kansu. Ruwa ya iso bakin gari ya tarar ba ƙofa. Wasu unguwanni sun ga ruwa, madalla, amma tankoki ba su daina gangarowa ba, kura ba ta daina kuka a kan kwalta ba. Garin da ya taɓa zaɓen Bafulatanin Sakkwato, Malam Umaru Altine, ya zama magajin garinsa na farko a shekarun 1950, har yau bai manta da 'yan Arewa ba. Ya ba su muƙamin tura ruwa.

Yanzu mu shiga bayan rumfar mai abinci, inda ainihin fasahar take. Ba a kawata wurin da farin ƙarfe ba. Kujera ce 'yar tsugunno, da baho biyu, da soso, da ƙullin omo, da kwando, da kwata tana wucewa a gefe. A kan kujerar akwai yarinya. Ba ta cin lantarki, don haka ɗauke wuta ba ya tsayar da ita. Ba ta buƙatar makaniki. Idan ta lalace, a mayar da ita gida a kawo wata.

Tun asuba take farawa da tukwanen jiya da aka jiƙa. Ƙanzon shinkafa da na tuwo sai an kankare da bayan cokali, gindin tukunya sai an dirje da toka ko yashi. Kafin ta gama, ruwan jiya ya ƙare.

"Ke 'yar nan, me kike jira ne kika zuba wa kwanuka ido?"

"Inna, ba ruwa."

"To leƙa ki gani ko mai ruwa ya taho."

Idan ya iso rana ta ɗaga, gumi ya jiƙa masa riga. "Hajiya, a yi haƙuri, yau ba wuta, sai da mai burtsatse ya ta da janareta. Jarka ma ta ƙara kuɗi." Hajiya ta yi lissafi a ranta, ta rage jarka ɗaya daga abin da ta saba saya. Ba za a rage ruwan girki ba, ba za a rage na wanke hannun masu ciniki ba. Daga bahon yarinya za a rage.

A nan ne ƙasarmu ta sha gaban duniya wajen tattalin ruwa, ba tare da wata doka ko kotu ba. Masu bincike a Jami'ar Bonn ta Jamus sun taɓa tara mutanen ƙasashen Turai suka sa su wanke da hannu kayan da inji ɗaya ke ɗauka, suka tarar a matsakaici mutum na zubar da sama da lita 100. Jarka huɗu ke nan. Almubazzarai! Yarinyar nan da ƙasa da haka za ta wanke na duk wanda ya ci abinci daga hantsi zuwa la'asar. Baho na farko na omo ne, na biyu na ɗauraya. Abincin Kudu ba ya rabuwa da manja, manja kuwa idan ya kama farantin roba ba ya saki a ruwan sanyi. Kafin azahar bahon farko ya koma kamar romon kan saniya, maiƙo a sama, tsaki a ƙasa. Sai a zubar da shi a kwata, na ɗauraya ya samu ƙarin girma ya zama na omo, a tsiyayo sabo kaɗan a zuba a ɗayan. Injin Bature ma ai ruwa ɗaya yake juyawa. Bambancin ɗan kaɗan ne: shi yana tace nasa, kuma yakan ɗauraye kwanuka da ruwan da zafinsa ya haura digiri 60, wanda ƙwayoyin cuta ba sa so. Namu ba ya nuna wa kowace halitta wariya. Abin da ya taho daga bakin mai ciniki na farko yana da damar gaisawa da na ƙarshe. Taifot da amai da gudawa ba su taɓa kai ƙararka ko'ina ba, ranka ya daɗe, masu shagon magani kuma suna gaishe ka.

Mutanen Amurka suna kukan awa biyu domin wankinsu yana da ƙarshe. Abin da ke ƙarewa shi ake auna wa tsawo. Ka hutar da mu daga wannan ma. Wanke-wanken yarinyar nan ba ya ƙarewa, saboda haka babu wanda zai ce ya daɗe. Tana ɗauraye faranti ana miƙo wani. Bayan isha'i, idan mai ciniki na ƙarshe ya tashi, ta wanke abin da ruwa ya isa, ta jiƙa sauran, gobe da asuba su ne za su yi mata sallama. Ka kalli hannunta: tsakanin yatsu ya yi fari ya tsattsage, omo ya cinye gefen farce, ƙafa kullum cikin danshi. Shekarunta ba su kai na ciwon baya ba, amma idan ta miƙe sai ta dafa ƙugu. Yara sa'o'inta suna wucewa ta gaban rumfar da kayan makaranta sau biyu a rana, da safe da kuma bayan an tashi, da su take gane ƙarfe nawa.

Raina a ɓace nake rubuta wannan, ba na kuma ɓoyewa. Asusun UNICEF ya ƙiyasta a 2016 cewa mata da 'yan mata a duniya suna kashe awa miliyan 200 a kowace rana wajen ɗebo ruwa kawai. Ba a sa lokacin jiran mai ruwa a lissafin ba, ba a sa na dirzar manja da ruwan sanyi ba. Ga mintocin faranti an kai su gaban alƙalai, ga shekarun yarinya ba wanda ya buɗe musu fayil ko a ofishin ƙaramar hukuma.

Amma mu koma ga yabo, domin aikinka a Anacha ya fi na Inugu ban mamaki. A Inugu kana da uzuri, ƙasa ce ta taimake ka. A Anacha kuwa Kogin Kwara ne kwance a ƙofar gari, faɗinsa sai ido ya gaji. An ɗora masa gada a 1965, an ƙara ta biyu a 2023, mutum na tsaye a Bridge Head yana sauke buhun albasa yana kallon ruwa iya ganinsa. A ce a irin wannan gari famfo ya iya kame bakinsa, ai wannan ba ƙaramar jarumta ba ce. Babban aikin ruwan garin da ke kan rafin Nkisi ya yi shekaru a kwance, gwamnatoci suna zuwa duba shi suna yi masa fatan samun sauƙi. Kowane mai bene ya haƙa burtsatsensa, ya ɗora tanki a rufi, ya zama hukumar ruwa mai cin gashin kanta, yana sayar wa maƙwabta. A gari mai cunkoso irin wannan, inda fili ya fi zinariya tsada, burtsatse da ramin masai sukan zama maƙwabtan juna, kuma ba mai shiga tsakaninsu. A 2012 da 2022 ne kogin ya gaji da jiran a zo a ɗauke shi, ya taso da kansa ya shiga gidajen Ogbaru da unguwannin bakin ruwa, ya ci gonaki da dukiya da rayuka. Ko a lokacin ba ka ruɗe ba. Ruwa har ƙugu a tsakar gida, kai kana tsaye a ciki a bushe.

A Agustan 2021 kuma aka ƙaro zaman gida na dole na ranar Litinin. Baƙo mai tura kura ba ya son ya zama shi kaɗai ne a kan titi a irin wannan rana. Wadda ba ta tara ruwa ran Lahadi ba, kwanukanta su ma sai su yi zaman gida har Talata.

Fatakwal ita ce rawaninka. Garin da ruwan sama ke sauka sama da milimita 2,000 a shekara, fiye da ninki biyu na abin da Kano ke samu, garin da rafuka suka kewaye, garin da kuɗin man fetur ke kwana. A 2014 Bankin Raya Afirka ya amince da bashin kusan dala miliyan 200 domin gyara ruwan birnin. Shekaru suka yi ta wucewa, 'yan ga-ruwan Diobu ba su rasa aiki ba. Wani zai ce ai sai a tari ruwan sama. An toshe wannan ƙofar ma. Tun ƙarshen 2016 baƙar toka ta fara sauka a kan garin, wadda aka fi dangantawa da haramtattun matatun mai na cikin fadamu da kuma ƙona kayan da ake kamawa daga gare su. Tana sauka a kan kwanon rufi, ruwan da ya biyo indararo ya fito da baƙi-baƙi. Tana sauka a kan kwandon kwanukan da aka wanke aka kife. Mai shayi ya goge kofunansa, kafin mai ciniki ya zauna sai ya sake gogewa. Injin Turai sau ɗaya yake wanki ya ce ya gama. Fatakwal ta koya mana cewa tsafta sai da maimaici. A Ogale kuma, nan kusa a ƙasar Eleme, rahoton Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya samu sinadarin benzin a ruwan rijiyoyin da mutane ke sha, sama da ninki 900 na iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya. Ina wata ƙasa da ke ba talakanta man fetur kyauta har cikin randa?

Ana cewa gwamnati ba ta samar da aikin yi. Wannan ƙazafi ne, kuma kai ne amsarsa. Dubi samarin da ke sauka daga bayan tirelar shanu da ta tumatir, daga Jigawa da Katsina da Zamfara da Sakkwato, har da Maraɗi da Damagaram. Ba a tambayarsu takardar makaranta. Kura ce ta haya, da jarkoki goma na lita 25, kilo 250 ke nan ban da nauyin ƙarfen. Ya tura ta a hawan Inugu, ya riƙe ta a gangara kada ta kwashe shi, ya ratsa da ita cikin taɓon Diobu, ya ɗauki jarka bibbiyu ya hau bene hawa uku. Wanda ya kira shi ba ya tambayar sunansa, "aboki" ya wadatar. Da dare ya kwanta a barandar shago ko a harabar masallaci, ƙirji na ciwo, ya sha ƙwayar kashe zafi ya jira asuba. Mutumin da ya yini yana shayar da unguwa, shi sai ya yi lissafi kafin ya yi wanka. Wace ma'aikata ce ta ɗauki matasan Arewa aiki a Kudu kamar yadda ka ɗauka?

Duniya ta yi ta surutu. A Yulin 2010 Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce ruwa mai tsafta haƙƙin ɗan Adam ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum na buƙatar lita 50 zuwa 100 a rana. Gida mai mutum shida ke nan sai jarka 12 a mafi ƙaranci, kura guda ba ta isa ba. A Nuwamban 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ruwa da tsaftar muhalli. Ka saurare su duka cikin ladabi, ba ka ce uffan ba.

Zai zama rashin adalci a yaba maka kai kaɗai, a manta da mataimakanka na cikin gida. Muna da attajirai a waɗannan garuruwa, dillalan shanu da 'yan canji da masu motocin dakon kaya, waɗanda kuɗin da ke ratsa hannunsu a mako ɗaya zai haƙa wa unguwa burtsatse mai aiki da hasken rana a inda ƙasa ta yarda. Sun yi tawali'u, ba sa son riya, shi ya sa ba su haƙa ba. Wanda ya haƙa kuma ya sa mata kwaɗo da mai karɓar kuɗi, don kada jama'a su saba da banza. Muna da sarakunan Hausawa da shugabannin ƙungiyoyin kasuwa, waɗanda 'yan takara ke zuwa gaishe su duk bayan shekara huɗu. Sun san kunya. Ba za su ɓata zaman da maganar bututu ba, alhali ga hula da shadda da buhun shinkafa an kawo.

Sai kuma mu iyayen gida, maza da mata, da muka gano abin da Josephine Cochrane ta kasa ganowa. An ce abin da ya tunzura ta ga ƙera inji shi ne masu aikinta suna gutsure mata tangaran na gado. Ta tausaya wa tangaran, ta kashe shekaru da dukiya. Da ta yi shawara da mu, da mun nuna mata hanya mai sauƙi: a aika ƙauye, a ce wa uwar yarinya za a riƙe mata ita, za ta tara kayan ɗaki. Idan ta fasa faranti a cire a kuɗin watanta. Dokar kare haƙƙin yara ta 2003 tana nan, dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 da ta wajabta wa kowane yaro shekara tara a makaranta kyauta ita ma tana nan, kuma duka biyun mun adana su da kyau, ba mu bari ruwa ya taɓa su ba. Muna cewa tarbiyya ce, wai mace sai da aiki. 'Ya'yan cikinmu kuwa mun yafe musu wannan tarbiyyar, mun haƙura mun tura su makaranta.

Saboda duk wannan, ina ba da shawara a naɗa ka sarauta, ranka ya daɗe, tun kafin wani gwamna ya yi kuskuren gyara ka. A yi taron a Inugu, Anacha da Fatakwal su turo wakilai. Kwamishinonin ruwa na jihohin uku, na da da na yanzu, su kama rawanin. Masu tankoki su yi jerin gwano daga Ninth Mile, masu burtsatse su zauna a sahun gaba, masu shagon magani su yi addu'ar buɗe taro. 'Yan ga-ruwa za su tsaya a waje, domin wani ya kula da ruwan alwala. A yanka shanu, a dafa shinkafa da manja ta ishi kowa. Kwanukan walima kuwa kada kowa ya damu, an riga an aika Arewa a taho da yara.